Ƙaro, Darɓa da Danƙo: Abin da Itatuwan Tamale Ke Zubawa a Kan Mota

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Tamale ke taɓa digiri 40, babu mai hankalin da zai bar motarsa a fili in da inuwa kusa. Duk inda maɗaci ko darbejiya ko mangwaro yake, a bakin titin Bolgatanga ne, ko harabar asibiti, ko ƙofar masallaci a Zango, za ka tarar motoci da babura da kekunan yalo-yalo sun yi dafifi a ƙarƙashinsa. Da yamma mai mota ya dawo ya iske ɗige-ɗige a bonet da rufi da gilashi. Wasu na yauƙi, wasu sun bushe sun yi tauri, wasu ma ido ba ya ganinsu sai ka shafa ka ji tafin hannu ya kama. A ganina, mafi yawan motocin da fentinsu ya lalace da sunan ƙaron itace, hannun da ya zo cirewa ne ya lalata su. Itacen ya ɗiga abin da ruwa zai iya ɗaukewa, mutum ya bi shi da busasshen tsumma, ko farce, ko tina.

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin ceto. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ke hana ƙarfe tsatsa, sai shimfiɗa, sai launi, sannan a sama wani shafi garai-garai marar launi wanda shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare hasken rana kada ya cinye launin. Duka hawan in an haɗa ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, shi kuwa maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafin saman kaɗai yakan tsaya wajen maikiron 40 zuwa 50, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu. Wannan ɗan siririn abu shi ne jarin mai mota. In ya tafi ba ya tsirowa, kuma da zarar ya huje, ranar Tamale ba ta ɗaukar lokaci kafin ta sa gefen wurin ya fara ɓarewa, irin farin ɓawon nan da ake gani a rufin tsofaffin motoci.

Zafi ne ke mai da ɗigon itace abin tsoro. Jikin mota mai duhun launi da ta wuni a rana yakan wuce digiri 70. A wannan zafin shafin sama yana ɗan saki ya buɗe, ɗigon da ke kansa kuma yana bushewa yana tsukewa. Da dare ya yi, fenti ya huce ya koma ya ƙame, sai ya ƙame da siffar abin da ke zaune a kansa. Idan ɗigon yana da tsami ko mai, ya kan kuma ci cikin fentin. Shi ya sa tabon da aka wanke a ranar da ya sauka ba ya barin komai, wanda ya kwana bakwai a rana kuwa ko an cire shi sai a ga zobensa ya zauna daram.

Yawancin shawarwarin da direbobi ke gani a bidiyon waya daga Amurka da Turai suke fitowa, kuma akwai dalilin da ya sa suke fara maganar da sinadarai masu narkarwa. Itacen da ke damunsu can shi ne fain da danginsa, itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura. Abin da ke fita daga jikinsu ruwa ba ya narkar da shi ko kaɗan, sai sifirit ko wani abu mai mai. Danginsa a ƙasarmu su ne abin da hano da dashi ke fitarwa, wanda ake ƙonawa a yi turare, kuma waɗannan itatuwan daji ne, ba su ake ajiye mota a ƙarƙashinsu a gari ba. Tamale ba garin fain ba ne. Wanda ya ɗauki maganin can ya shafa wa ciwon nan, sau da yawa ya yi amfani da abu mai ƙarfi a inda ruwa zalla ya isa.

Abin da ke sauka a kan mota a nan iri-iri ne, kuma kowanne da abin da yake ji.

Na farko shi ne ƙaro na gaskiya, wanda itace ke fitarwa inda aka ji masa rauni. Maɗaci yana yin sa sosai, musamman da yake masu neman magani ba sa barin ɓawonsa ya huta. Duk inda aka sassaƙe, nan zai yi ta tsatsafowa. Darbejiya ma tana yi. Ita baƙuwa ce a ƙasar, daga Indiya aka kawo ta a farkon ƙarni na 20, ana kuma danganta yaɗuwarta da zamanin Gwamna Guggisberg wanda ya riƙe Gold Coast daga 1919 zuwa 1927, amma yau ta zama 'yar gida har ba a iya tunanin unguwa a arewacin Ghana babu ita. Kashu da bagaruwa su ma suna fitar da ƙaro. Duk waɗannan dangin sukari ne a asalin halittarsu, ruwa ke narkar da su ko ya kumbura su su saki. Wanda ya yi makarantar allo ya san ana sa ƙaro a tawada don ta kama, ya kuma san da ruwa ake wanke allon. Sifirit kuwa ba ya narkar da irin wannan ƙaron, sai ma ya ƙara ƙamar da shi. Mutum zai yi ta dirza yana ƙara zubawa yana mamakin taurin kan tabon, alhali abin da tabon ke jira yana cikin bokiti.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Idan ka ajiye mota a ƙarƙashin mangwaro ka dawo ka tarar kamar an yi mata yayyafin ruwan sukari, ƙananan ɗigo dubbai sun rufe gilashi da rufi, to wannan ba daga raunin itace ya fito ba. Darɓa ce, irin wadda manomin dawa ya sani a gonarsa. Ƙananan ƙwari ne ke manne a bayan ganye da jikin reshe suna tsotsar ruwan itacen. Ruwan yana da sukari fiye da bukatarsu, sai su yi ta fitar da ragowar tana zuba ƙasa dare da rana. A kan mangwaro, babban mai wannan aikin wani farin ƙwaro ne mai kama da ɓarɓashin auduga, wanda masana ke kira Rastrococcus invadens. Daga kudancin Asiya ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, aka fara ganinsa a Ghana da Togo, ya yi wa mangwaro da lemo mummunar ɓarna. A ƙarshen shekarun ne masana, har da na cibiyar binciken noma ta IITA, suka kawo wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro daga Indiya wanda ke yin ƙwai a jikinsa ya kashe shi. Annobar ta lafa ƙwarai, amma ƙwaron bai ƙare ba, kuma yana da 'yan'uwa da yawa masu irin sana'arsa a kan wasu itatuwan.

Darɓa sabuwa ita ce mafi sauƙin fita a cikin duk abin da ake magana a kai, domin sukari ce da ruwa. Matsalarta tana zuwa ne in an bar ta. Tana kama duk ƙurar da ta gifta, ta zama wani ɓawo mai kaushi. In kuma akwai laima, kamar daga Mayu zuwa Oktoba, wata baƙar fumfuna na tsirowa a kanta, irin baƙin da ake gani ya lulluɓe ganyen mangwaro kamar an shafa masa kunkunniya. Farar mota da ta daɗe a irin wannan wurin takan yi baƙin ɗigo-ɗigo da ke ba mai ita tsoro, har ya ɗauka fentin ne ya ruɓe.

Mangwaro yana da wani abu na daban da ya fi darɓa haɗari, wato ruwan da ke tsartuwa daga hancin ɗanye in an tsinke shi ko iska ta karya shi. Wannan yana da wani sashe mai mai da ke ƙuna. Yana ƙona fatar yaran da ke tsinka, yana kuma ƙona ɓawon shi kansa mangwaron, abin da ya sa manoman da ke sayarwa ƙasashen waje suke yanke shi su bar masa dogon hanci, su kifa shi ruwan ya tsiyaye kafin a jera a kwali. Abin da ke ƙona ɓawon ɗan itacen da ya haife shi ba zai ji tausayin fenti ba. Daga Maris zuwa farkon damina, lokacin da yara ke jifar mangwaro ana girbi, ƙarƙashinsa ba wurin ajiye mota ba ne ko da ganyensa tas yake.

Sai danƙo, farin nonon da ke fita daga cediya da durumi da gamji da kaɗanya. A cikin gari cediya da durumi ne suka fi shafar mota, musamman bayan an sassabe su. Kaɗanya kuwa sai motocin da ke shiga gonaki ta wajen Savelugu da Tolon da Kumbungu. Danƙo in ya bushe yakan yi duhu ya zama kamar roba, ka ja shi ya miƙe. Ruwa ba ya cin sa bayan ya bushe. Mai yake ji.

Akwai kuma kashin tsuntsu da na jemage, waɗanda ke bin 'ya'yan darbejiya da mangwaro da ɓaure in sun nuna. Ba ruwan itace ba ne, amma tare suke zuwa, kuma sun fi kowanne saurin cin fenti saboda tsaminsu, ga tsakuwa da ƙwallayen da ke ciki masu karce in an goge a bushe. Wannan ba a kwana da shi.

To yaya za a gane wanne ne? Ba sai an san sunan itacen ba ma. A kai motar inuwar da ba ta ɗiga, a bari jikinta ya huce har bayan hannu ya iya zama a kai. A zuba ruwa a kore ƙurar wurin tukuna, ba tare da an taɓa ba. Wannan matakin shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci a garin da ke shan ƙura ta fuska biyu: jar ƙasar unguwannin da ba su da kwalta, da kuma hazon hunturu da iska ke ɗaukowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tsakanin Disamba da Fabrairu. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi da ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Tsumman da aka dirza a kan ƙura, komai laushinsa, ya zama takardar gurza. Zagayayyun layukan nan da ke bayyana a jikin baƙar mota in rana ta haska ta, daga nan suke.

Bayan an kore ƙura, a jiƙa tsumma mai laushi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wankin mota, a shimfiɗa shi a kan tabon, a tafi a bar shi minti goma ko sha biyar. In ya fara bushewa a ƙara ruwa. Uwar gida ba ta kankare ƙanzon tuwo da ƙarfin tsiya ta huda tukunyarta, jiƙa shi take ta ci gaba da wani aikin, ta dawo ta same shi ya taso da kansa. Haka ƙaro da darɓa da kashin tsuntsu suke. In aka ɗaga tsumman aka ga abin ya yi laushi, sai a ɗauke shi da tsumman a hankali, a juya gefe mai tsabta, a sake. Wanda ya daɗe yana iya bukatar jiƙo biyu ko uku. Ba ƙarfi ake ƙarawa ba, lokaci ake ƙarawa.

Abin da ya ƙi jin ruwa bayan haka shi ne ke bukatar mataki na gaba. In yana miƙewa kamar roba, danƙo ne: a ɗiga masa man gyaɗa ko a shafa ɗan man kaɗe, wanda Tamale ba ta rasa shi, a bar shi ya ratsa na 'yan mintoci, sai a murza da yatsa a hankali ya dunƙule ya fita. In ya yi gardama, ɗan kananzir a jikin tsumma yana gamawa da shi, haka ma WD-40. In kuwa tabon mai sheƙi ne mai ƙamshi, ya ƙi ruwa ya ƙi mai, kamar busasshen ruwan hancin mangwaro, to nan ne sifirit na kantin magani ke da aiki, ko sinadarin goge hannun da aka saba da shi lokacin korona, wanda kaurinsa ke sa ya zauna a kan tabon bai gangara ba. A tsumma ake zubawa, a ɗora a kan ɗigon kaɗai na rabin minti zuwa minti ɗaya, a ɗauke, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu. Kananzir kada ya taɓa robar gefen gilashi da ta ƙofa, domin yana kumbura ta. Sifirit kuma a nisanta shi da fitilun gaba, waɗanda a motocin yanzu roba ce, ba gilashi ba, tana kuma iya dusashewa ko ta yi ƙananan tsagu. Duk inda ɗayansu ya taɓa ya kwashe kakin da ke kare fentin, saboda haka sai an sake shafa wa wurin kaki.

Duk wannan da na faɗa game da sifirit da kananzir, a kan fentin kamfani yake, wanda aka gasa a tanda mai zafin wajen digiri 140 tun kafin a ɗaura wa motar inji da kujeru. Gashin ne ke ɗaure fentin ya zama abu guda da sinadari mai sauƙi ba ya narkarwa. A nan ne halin da motocinmu ke ciki ya bambanta da na masu bidiyon. Yawancin motocin da ke yawo a Tamale na hannu ne da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka sun taɓa yin hatsari, a Accra ko Suame Magazine ta Kumasi aka miƙe su aka fesa. Abin ya yi yawan da a 2020 majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar hana shigo da irinsu, kafin a jingine aiwatar da ita. Ga kuma tasi: doka ta ce a fesa wa kusurwoyinta huɗu ruwan ɗorawa, saboda haka kowace tasi a ƙasar tana ɗauke da aƙalla fenti iri biyu a jiki ɗaya. Abin da ƙofa ta jure, kafaɗar da ke kusa da ita ba lallai ta jure ba.

Fentin gareji shi ma iri-iri ne. Mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa kafin a fesa, in ya gama bushewa yana kusa da na kamfani wajen juriya. Mai arha kuwa, wanda iska kawai ke busarwa, duk abin da ya narkar da shi ranar farko zai sake narkar da shi bayan shekara biyar, har sifirit ma yana iya dusashe shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A nemi wurin da ido ba ya kaiwa a jikin wannan ɓangaren, kamar bakin ciki na ƙofa ko ƙasan kafaɗa, a taɓa shi da farin tsumma mai ɗan sifirit. In launi ya biyo tsumman, ko wurin ya yi danƙo-danƙo, to wannan ɓangaren ruwa da mai kaɗai zai sha. Motar da ba ta daɗe da fitowa daga wurin mai fenti ba kuwa, ko da fentin mai kyau ne, a ba ta wata guda ko fiye kafin a kusance ta da wani sinadari ko kaki, kuma a wannan watan kada a yarda ta kwana a ƙarƙashin itace, domin sabon fenti ya fi kowanne saurin karɓar tabo.

Akwai abubuwan da ba su da wurin zama a wannan aikin ko kaɗan, kuma su ne aka fi miƙo wa mutum. Za ka ji yaron wurin wanki ya duba tabon ya ce, "Alhaji, wannan sai tina." Tina an yi ta ne don ta narkar da fenti, kuma aikinta take yi. Ruwan cire jan farce ɗan'uwanta ne. Man birki ya fi su duka mugunta, yana ɗaga fenti har ƙarfe. Fetur yana cire danƙo, gaskiya ne, amma yana dusashe fentin gareji, yana cin roba, ga haɗarin wuta a jikin mota mai zafi. Sosan ƙarfe da sosan raga na wanka da bakin makulli da reza duk suna cire tabo tare da abin da ke ƙarƙashinsa. Reza tana da halin amfani a wuri ɗaya tak, wato bayan gilashi ta waje, sabuwa, a kwance, bisa ruwan sabulu, ban da gefen da aka manna wa baƙar leda. Omo da sabulun salo kuma an haɗa su ne don dattin tufafi da jiki. Kaifinsu yana wanke kaki tas, garin da bai narke ba yana karce, kuma yawan amfani da su yana sa baƙaƙen robobin mota su yi fari.

Ban ga laifin yaran nan sosai ba. Ana biyansu ne bisa yawan motocin da suka wanke, mai mota na tsaye a kansu yana duba agogo, ruwan kuma a ƙididdige yake. Tamale na shan ruwa ne daga Farin Volta, ana ɗebowa a Nawuni a tace a Dalun, garin kuwa ya daɗe da fin ƙarfin abin da ake turowa, har unguwanni kan yi kwanaki famfo bai kawo ba da rani. Wurin wanki da ke sayen ruwan tanka ko ɗebo na dam ba zai so ya kashe bokiti uku a kan mota ɗaya ba, ballantana ya jira jiƙo na minti goma sha biyar. Saboda haka mai motar ne ya kamata ya ɗauke wannan nauyin. Cire tabo aikin gida ne, da sassafe ko bayan la'asar, kuma ba ya cin ruwa: ledar fiya wata ɗaya ko biyu da tsumma mai tsabta da aka keɓe a cikin mota sun isa a kashe ɗigon ranar tun bai kwana ba. In an je wurin wanki kuma, a faɗa tun farko cewa a fara kora ƙura da ruwa, kada a sa omo, kada tsumman taya ya hau bodi, a kuma ƙara wa yaron wani abu saboda lokacin da ya ɓata. Ruwan rijiyar burtsatse ko na dam in ya bushe da kansa a rana yana barin nasa farin zoben, don haka a tsane motar a inuwa.

A gilashi abin lura ɗaya ne. Kada a kunna waifa a kan darɓa a bushe. Tana shafe gilashin ya zama hazo a daidai lokacin da fitilun masu tahowa ke dukan ido, tana kuma lalata bakin robar. A jiƙa, a wanke, a goge robar waifar ita ma.

In an cire komai amma zobe ya rage, sai a duba zurfinsa. Wanda ido ke gani amma farce ba ya jin gefensa, a saman shafin yake, folish mai laushi da hannu yakan share shi. Kaushin da ya bazu ko'ina bayan darɓa ta daɗe, akwai wani yumɓun roba da ake sayarwa a shagunan kayan mota, ana jan sa a hankali bisa ruwan sabulu ya tsince shi. Wanda farce ke faɗawa cikinsa, ko ya yi ƙananan tsagu, ya riga ya ci ciki, sai gwanin fenti. A nan ma ina ba da shawarar a yi hattara da injin folish. Kowane zagaye yana aske wani abu daga maikiron 40 ɗin nan, kuma motar hannu ba a san sau nawa aka aske ta kafin ta iso ba. Tabo ɗaya da ba ya ƙaruwa a rufin mota, inda ba mai gani sai wanda ya hau bene, ya fi a bar shi a rufe da kaki da a cinye shafin wurin gaba ɗaya ana neman sheƙi.

Rigakafin kuwa yawancinsa kallo ne. Kafin ka ajiye mota, ɗaga kai. In ganyen yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ko ya yi baƙi, ko ka ga kiyashi da tururuwa na hawa da sauka a jikin itacen, akwai darɓa, domin ita suke bi, har suna gadin ƙwarin da ke yin ta. Duba ƙasa kuma: in takalmi na kamawa, ko akwai farin kashin tsuntsu da ruɓaɓɓun 'ya'ya, motarka za ta samu rabonta. Reshen da aka sare kwanan nan, ko masu gyaran layin lantarki ne suka rage shi ko mai gida, zai yi ta zuba na wani lokaci. Sau da yawa matsawa taku goma zuwa wani itacen, ko tsayawa inda inuwar ke faɗowa ba daidai ƙarƙashin rassan ba, ya wadatar. Kaki da ake shafawa duk bayan wata biyu ko uku, musamman gab da hunturu da gab da fitowar mangwaro, yana sa ɗigon ya zauna a kansa maimakon a kan fenti. Rigar mota tana da amfani in motar a wanke take. In aka lulluɓa ta a kan ƙura iska ta yi ta kaɗa ta, ita ma gurza take yi.

Abin da ba na so a kai gare shi shi ne gatari. Ana samun mai gida ya sare mangwaro ko darbejiyar da ta shekara talatin a tsakar gida saboda ta ɓata masa sabuwar mota, ya kafa rumfar kwano a wurin. Rumfar tana tare ɗigo, amma ba ta sanyaya gida, kuma ranar da aka guje wa tana cin fenti da robar gaban mota da kujeru fiye da yadda darɓa za ta taɓa yi. Ƙasar da ta ware ranar dashen itatuwa ta Green Ghana a Yunin 2021, aka fita da burin dasa miliyan biyar a rana ɗaya, bai kamata manyan itatuwan da suka riga suka kafu su riƙa faɗuwa a birni mai zafi irin Tamale saboda tabon da ruwan leda ke wankewa ba. Itacen da ke zubar da darɓa ba shi da lafiya ne, kuma ana yi masa magani. A rage rassan da suka cushe don iska da haske su ratsa, a fesa wa bayan ganyen ruwan sabulu mai sauƙi ko jiƙon dakakken ƙwallon darbejiya da yamma, a maimaita bayan mako, a kuma ɗaura wani abu mai danƙo a gindin don a yanke wa tururuwa hanya, saboda in babu masu gadi, ƙwarin da ke cin masu darɓar suna samun damar yin aikinsu. Sassaben mangwaro a yi shi bayan an gama cin 'ya'yan, a kawar da motar zuwa wani gefen gidan har sai bakin saran ya bushe ya daina tsatsafowa.